Farfaɗiya ba ta bin yawu

Duk wanda ya taɓa ganin mai farfaɗiya ya faɗi a Kasuwar Bacci ko tashar Kawo a Kaduna ya san yadda mutane ke darewa. Wai idan kumfar bakinsa ta taɓa ka, ka kamu. Tun muna yara muke jin haka, kuma ba gaskiya ba ne.

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta ɗan lantarki da sinadarai, kowace a kan lokacinta. Idan wani rukuninsu ya saki saƙo gaba ɗaya babu tsari, sai jiki ya sanƙare ko ya kama jijjiga. Rauni a kai, wahalar haihuwa, ko sanƙarau na iya bar wa mutum wannan lalura. Yawun kuwa yawu ne kawai.

Abin da ke ci min rai shi ne cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Haƙora yake karyawa, harshe kuma ba ya haɗiyuwa. A kwantar da shi ta gefe, a sa masa mayafi ƙarƙashin kai, in jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna na duba masu farfaɗiya, kuma magani na tsayar da faɗuwar ga mafi yawansu.