Neman shaidar sakandare ga manya masu ƙaramin ƙarfi

Neman shaidar kammala sakandare bayan an girma hanya ce da ƙasashe da dama suka buɗe wa waɗanda karatu ya katse musu tun suna yara, ko dai saboda talauci, ko auren wuri, ko yaƙi, ko ɗawainiyar gida. Yawancin masu neman ma'aikata da kusan dukkan jami'o'i suna tambayar wannan takarda, shi ya sa rashinta kan tsare mutum a ƙaramin aiki komai iyawarsa.

Tarihi

Tushen abin ya koma ga azuzuwan dare na leburori a Turai cikin ƙarni na 19, da kuma karatu ta hanyar wasiƙa, inda ɗalibi kan karɓi darasi a ambulan, ya amsa tambayoyin bayan ya tashi daga aiki, sannan ya mayar wa malami ta gidan waya. Kwalejin Wolsey Hall ta Oxford, wadda aka kafa a 1894, ta yi suna a wannan fage, kuma ɗalibai daga ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka sun ci jarrabawa ta hannunta ba tare da sun taɓa zama a aji ba. A Jamus an buɗe sakandaren dare ta manya a birnin Balin wajen 1927.

Babban sauyi ya zo ne da Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 aka ƙirƙiro jarrabawar GED a Amurka domin samarin da aka ɗauka soja kafin su gama makaranta, ta yadda idan sun dawo za su nuna cewa iliminsu ya kai na wanda ya kammala sakandare. Jihar New York ce ta fara ba farar hula damar zama jarrabawar a 1947. Suwidin ta kafa tsarin Komvux a 1968, inda ƙananan hukumomi ke koyar da manya kyauta, ita kuwa Indiya ta buɗe makarantar karatu daga nesa a 1989, wadda yanzu ake kira NIOS.

Hanyoyin da ake bi

Hanyoyi uku ne suka fi yaɗuwa: ajin yamma ko na dare, karatu daga nesa ta intanet, da zama jarrabawa kai tsaye ba tare da rajista a wata makaranta ba, kamar Encceja a Burazil ko jarrabawar WAEC ta ɗalibai masu zaman kansu a Afirka ta Yamma.

Kuɗin karatu

A Ingila, wanda ya kai shekara 19 bai kai matakin sakamako na 4 a darasin Turanci ko lissafi na GCSE, wato jarrabawar sakandare ta ƙasar, ba yana iya karanta su kyauta. A Amurka azuzuwan share fagen jarrabawar GED galibi kyauta ne bisa dokar tarayya ta 2014, amma kuɗin jarrabawa ya danganta da jiha, kuma tallafin kuɗin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell na masu karatun gaba da sakandare ne.

Kuɗin makaranta shi ne mafi sauƙi a cikin nauyin. Abin da ya fi karya gwiwar mai ƙaramin ƙarfi shi ne albashin awannin da ya bari, da kuɗin mota, da wanda zai riƙe yara. Uwar da ke aikin dare, misali, ko an ce mata aji kyauta ne, ba za ta samu zuwa ba idan babu mai zama da jaririnta. Tsarin Suwidin da na Jamus sun kula da wannan, domin suna ba ɗalibi babba kuɗin zaman yau da kullum, ta hukumar CSN a Suwidin da dokar BAföG a Jamus.

Saɓanin masana

Binciken masana tattalin arziki Cameron da Heckman na 1993 ya nuna cewa kuɗin shigar masu GED ya fi kusa da na waɗanda suka bar makaranta fiye da na waɗanda suka kammala a aji. Wasu masana na ganin amfanin shaidar GED ya fi bayyana ga waɗanda suka wuce da ita zuwa kwaleji.