Sushi a wajen Japan

Sushi abinci ne na ƙasar Japan wanda ake yi da dafaffiyar shinkafa mai danƙo da aka gauraya da ruwan khal da sukari da gishiri, sannan a haɗa ta da kifi, ɗanye ko gyararre, ko da ƙwai, ko kayan lambu, ko busasshen ganyen teku da ake kira nori. Mutane da yawa a wajen Japan suna ɗauka cewa ɗanyen kifi shi ne sushi, alhali kuwa yankakken ɗanyen kifi da ake ci ba tare da shinkafa ba sunansa sashimi, kuma shinkafar nan mai ɗan tsami ita ce ginshiƙin sushi. Tun daga shekarun 1960 abincin ya fara yaɗuwa a duniya, kuma duk inda ya sauka sai ya sauya kama gwargwadon abin da ake samu a kasuwar wurin, da abin da bakin mutanensa ya saba da shi, da abin da doka ko addini suka yarda a ci. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta Japan ta nuna cewa gidajen abincin Japan a ƙasashen waje sun ƙaru daga kimanin 24,000 a shekarar 2006 zuwa kimanin 187,000 a 2023.

Asalinsa

Shi kansa sushi baƙo ne a Japan tun farko. Masana tarihin abinci suna danganta asalinsa da yankunan noman shinkafa na kudu maso gabashin Asiya, inda ake shafe kifi da gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa, a danne da dutse na tsawon watanni har shinkafar ta yi tsami ta hana kifin lalacewa. Idan an buɗe sai a zubar da shinkafar a ci kifin. Japanawa suna kiran wannan nau'i narezushi, kuma har yau ana yin irinsa mai suna funazushi a gaɓar tafkin Biwa da ke lardin Shiga, warinsa kuwa mai ƙarfi ne kamar na daddawa. A zamanin Muromachi (1336 zuwa 1573) aka rage tsawon jiran, aka fara cin shinkafar tare da kifin. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) sai aka koma zuba ruwan khal kai tsaye domin a sami tsamin ba tare da jira ba.

Nau'in da duniya ta fi sani, wato nigiri, ɗan curin shinkafa da ake matsewa da hannu a ɗora yankan kifi a kansa, ya bayyana ne a birnin Edo, Tokyo ta yau, a wajen shekarun 1820, kuma ana yawan jingina shi ga wani mai sayar da abinci, Hanaya Yohei (1799 zuwa 1858). Abincin gefen titi ne na ma'aikata masu sauri, curinsa ya fi na yanzu girma, kuma da yake babu firiji a lokacin, ana jiƙa kifin a ruwan soya mai gishiri da ake kira shoyu, ko a ruwan khal, ko a ɗan dafa shi. Girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923 ta tarwatsa masu wannan sana'a zuwa sauran garuruwan ƙasar, a 1958 kuma Yoshiaki Shiraishi ya buɗe gidan farko a yankin Osaka inda faranti ke zagayawa a kan bel a gaban masu ci, abin da ya sauƙaƙa farashi ƙwarai.

Amurka da Kanada

A tsakiyar shekarun 1960 gidan abincin Kawafuku da ke unguwar Japanawa ta birnin Los Anjelis ya buɗe teburin sushi, da taimakon wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan abinci, Noritoshi Kanai. Masu cinsa na farko ma'aikatan kamfanonin Japan ne, daga baya Amurkawa suka biyo su. Abin da ya taimaka shi ne cewa ana noman shinkafa mai danƙo a jihar Kalifoniya, don haka ba sai an ɗauko ta daga ƙetaren teku ba.

Matsaloli biyu ne suka fuskanci masu sana'ar. Ta farko ita ce ba kullum ake samun kifin tuna mai kitse ba. Ta biyu kuma ita ce Amurkawa da dama suna ƙyamar ɗanyen kifi, kuma idan suka ga baƙin ganyen nori a jikin naɗin sai su ɓare shi su ajiye a gefen faranti. Daga nan aka samar da abin da ake kira naɗin Kalifoniya: aka sa abokado, wato fiya, domin maiƙonta da laushinta sun yi kusa da na kitsen tuna, aka ƙara kokwamba da dafaffen naman ƙaguwa, sannan aka juya naɗin, nori ya koma ciki, shinkafa ta fito waje aka barbaɗa mata riɗi ko ƙwan kifi. Wannan juyayyen naɗi sunansa uramaki. Daga baya aka maye gurbin ƙaguwar da wani niƙaƙƙen farin kifi da ake sarrafawa ya yi kama da ita, wanda a Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Ana jayayya a kan wanda ya fara naɗin. Wasu suna cewa Ichiro Mashita ne na gidan Tokyo Kaikan a Los Anjelis, shi kuma Hidekazu Tojo, wanda ya isa birnin Vancouver na Kanada a 1971, yana cewa shi ne. Abin lura a nan shi ne dukansu Japanawa ne da suka koyi sana'ar a gida, wato sauyin farko daga hannun masu abin ya fito, a ƙoƙarinsu na ciyar da mutanen da ke zaune a gabansu.

Bayan haka ƙofa ta buɗe. Aka sami naɗin Filadelfiya mai cuku mai laushi da kifin salmon, da naɗin tuna mai yaji wanda ake kwaɓa dakakken tuna da mayonis da barkono, da manyan naɗe-naɗe da ake lulluɓewa da yankan fiya ana kwarara musu miya mai zaƙi. Bambancin da ke tsakanin wannan da na Tokyo ya wuce na kayan haɗi. A can ana son ɗanɗanon kifi guda ɗaya ya fito fili, shinkafar tana da ɗumi, gwanin ya shafa shoyu da kansa ya miƙa a ci nan take. A Amurka kuwa ana tara abubuwa huɗu ko biyar cikin loma ɗaya, kuma miya ce ke jan ragamar ɗanɗanon.

Kudancin Amurka da Meziko

A ranar 18 ga Yuni 1908 jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya sauke baƙi 781 daga Japan a tashar Santos ta Birazil domin aikin gonakin kofi, kuma a yau babu ƙasar da ta fi Birazil yawan jikokin Japanawa a wajen Japan. Sushin da ake ci a Sao Paulo ya rungumi mangwaro da cuku, akwai kuma naɗin da ake tsomawa a ƙulli a soya a mai a ci da zafinsa, har da na zaƙi da ake yi da ayaba da cakulan. Temaki, naɗi mai siffar mazurari da ake riƙewa a hannu, ya sami shagunansa na musamman, kuma tsarin nan na gidajen gashin nama na ƙasar, inda mutum zai biya kuɗi sau ɗaya a yi ta kawo masa har ya ƙoshi, ya shiga gidajen sushi.

A Peru, inda jirgin Sakura Maru ya kawo ma'aikata 790 a 1899, haɗuwar ta fi zurfi, domin mutanen gaɓar tekun sun daɗe suna cin kifin da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da barkono da albasa. Girkin da ya fito daga wannan cuɗanya ana kiransa Nikkei, kuma daga cikinsa akwai naɗin da ake zuba wa miyar lemun tsami irin ta wancan abincin nasu na gargajiya. Shahararren kuku Nobu Matsuhisa ya yi aiki a Lima a shekarun 1970 kafin ya kai wannan salo Amurka. A birnin Culiacan na jihar Sinaloa ta Meziko kuwa sushi ya yi nisa da teku sosai: ana cusa masa naman sa ko na kaza da cuku, a shafe da garin burodi a soya, a ci da barkono da shoyun da aka matsa wa lemun tsami.

A Koriya akwai gimbap, wanda a ido yake kama da naɗin sushi, sai dai ana gyara shinkafarsa da man riɗi maimakon ruwan khal, kuma dafaffen nama da ƙwai da kayan lambu ake sawa a ciki. Koriyawa suna ɗaukarsa abincinsu ne mai zaman kansa, kuma ana saɓani a kan girman tasirin da mulkin mallakar Japan (1910 zuwa 1945) ya yi wajen samuwarsa.

Abin da ya koma gida

Kifin salmon, wanda yanzu yake sahun gaba a gidajen sushi masu sauƙin farashi a Japan, bai daɗe da shiga ba. Japanawa ba sa cinsa ɗanye a da, saboda na tekun Pasifik yakan ɗauki tsutsotsi, sai dai a gasa ko a sa masa gishiri. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin Norwe, wadda kifin da take kiwo a teku ya yi mata yawa, ta ƙaddamar da wani shiri na shawo kan 'yan kasuwar Japan cewa nata mai tsabta ne kuma ana iya cinsa ɗanye. An ɗauki kusan shekara goma kafin abin ya karɓu. Haka ma kitsen cikin tuna da ake kira toro, wanda yanzu yake cikin mafi tsada: a zamanin Edo raina shi ake yi domin yana saurin lalacewa, sai bayan yaƙin duniya na biyu, da firiji ya wadata kuma mutane suka saba da abinci mai maiƙo, darajarsa ta tashi. A 1972 kamfanin jiragen sama na Japan Airlines ya fara ɗauko tuna daga gabashin Kanada zuwa kasuwar Tsukiji ta Tokyo. A gwanjon farkon shekarar 2019 a kasuwar Toyosu, wadda ta gaji Tsukiji, an sayi tuna guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Wannan buƙata ta yi wa wasu nau'o'in tuna illa a tekuna, har ta kai ga an ƙayyade yawan da kowace ƙasa za ta kama. A yau kuma ana samun fiya da mayonis da cuku a kan bel ɗin gidajen sushi na Japan kanta.

Doka da addini

Dokokin lafiya suna sauya sushi ta hanyar da mai ci ba ya gani. Tarayyar Turai tana wajabta daskarar da yawancin kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24 domin kashe tsutsotsi, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa kwana 7 ta ba da shawara a wannan ma'auni. Shi ma koren yajin da ake ajiyewa a gefen faranti da sunan wasabi, galibi haɗi ne na wata saiwa mai yaji da mustad da kala, domin wasabi na gaskiya yana son ruwa mai sanyi mai gudana, irin na lardunan Shizuoka da Nagano, kuma yana da tsada.

Ga Musulmi, abin dubawa ya fi yawa a kayan haɗi. Akan sa mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a cikin miyar da ake shafa wa wasu kifaye, wani lokaci har a cikin shinkafar, kuma shoyun da aka tsima bisa al'ada yakan ƙunshi ɗan barasa. Saboda haka gidajen sushi a Maleshiya da Indonesiya masu neman takardar shaidar halal suke maye gurbin waɗannan da kayan da babu barasa a ciki. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta rinjaya a Afirka ta Yamma, ta halatta dabbobin ruwa gaba ɗaya, ta Hanafiyya kuwa ta taƙaita halaccin ga kifi, abin da ke shafar nau'o'in da ake yi da ƙaguwa da makamantanta.

Jayayya a kan sahihanci

A 2006 ma'aikatar noma ta Japan ta sanar da shirin tantance gidajen abincin Japan na ƙasashen waje domin bambanta masu bin ƙa'ida da waɗanda suka kauce mata. Jaridun duniya suka yi ca, suka laƙaba wa shirin suna 'yan sandan sushi, kuma a shekarar da ta biyo baya gwamnati ta janye daga aiwatar da shi da kanta. Damuwar ba ta rasa tushe ba, domin gyaran ɗanyen kifi ilimi ne da ake shafe shekaru ana koya, kuma wanda bai iya ba yana iya cutar da mutane. Sai dai zai yi wuya a tsayar da wani nau'i guda a ce shi ne na asali, tunda nigiri da kansa gajerar hanya ce da aka yanko daga narezushi. Daga baya Japan ta koma ga horar da masu girki da tallata kayanta. A watan Disamba na 2013 hukumar UNESCO ta sa washoku, al'adar abincin gargajiyar Japan, cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, a 2016 kuma ma'aikatar noman ta naɗa Hidekazu Tojo jakadan abincin Japan.