Daga Kiyashi a Bakin Fitsari Zuwa Ƙarar Waya da Tsakar Dare: Waiwaye Kan Sa Ido a Ciwon Suga Daga Nesa

An fara ganin wani farin abu mai faɗin marfin gorar ruwa manne a bayan damtsen wasu masu ciwon suga a Kano. Sensa ce. A ƙarƙashinta akwai wani siririn zare da bai wuce milimita 5 ba, yana zaune cikin fata yana auna suga dare da rana. Lambar da ya samo tana shiga wayar mai ciwon, daga nan kuma ta iya bayyana a wayar ɗansa da ke Abuja ko 'yarsa da ke aure a Jidda. Hanyar da aka bi kafin a zo nan doguwa ce.

Alamar da kakanninmu suka sani ita ce kiyashi ya yanyame wurin da mutum ya yi fitsari. Likitocin dā ma a fitsarin suka tsaya. A 1908 Stanley Benedict ya haɗa wani ruwa mai launin shuɗi wanda ake zuba masa fitsari a dafa, launi ya juye zuwa kore ko ja gwargwadon yawan suga. Ko bayan da aka gano insulin a Toronto a 1921, da wannan gwajin aka ci gaba da lalube. Matsalarsa ita ce suga ba ya zuba cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini, a ma'aunin suga na mg/dL. Saboda haka mai 110, wanda yake lafiya lau, da mai 45, wanda ke dab da suma, sakamako ɗaya za su samu.

Gwajin jini a hannu ya fara da tsinken Dextrostix na kamfanin Ames a 1965, sai injin karanta shi a 1970, mai nauyin fiye da kilo guda. A shekarun 1980 injin ya ƙanƙance ya shiga gidaje. Abin da ya ba shi daraja shi ne binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon na ɗaya, wato wanda dole sai da allurar insulin, aka fitar da sakamako a 1993. Ya nuna cewa matse suga kusa da daidai yana rage haɗarin kamuwa da lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari. Sai dai ya zo da bulala a hannu: waɗanda aka matsa wa sun fuskanci mummunar faɗuwar suga har ninki uku. Duk abin da ya biyo baya a wannan fanni ƙoƙari ne na cin ribar farko ba tare da shan bulalar ba, musamman da daddare, lokacin da ba mai huda yatsa.

Sensar farko da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita, ta kamfanin MiniMed, ta fito a 1999. Kwana uku take yi a jiki, kuma mai ita ba ya ganin komai. Likita ne ke sauke bayanan a kwamfuta bayan an cire. Kamfanin Dexcom ya fitar da tasa a 2006, wadda ke nuna lamba nan take. Amma ƙaramin allon karantawar dole ya zauna kusa da mai ciwon. Uwa na ɗakinta, yaro na nasa, allo na ƙara a gefen filonsa, shi kuwa barci ya yi nisa.

Ba kamfani ne ya fara warware wannan ba, iyaye ne. A 2013 wani injiniyan manhaja a Amurka, John Costik, wanda ɗansa mai shekara huɗu ya kamu da ciwon, ya gano yadda zai zaro lambobi daga allon Dexcom G4 ya tura su intanet, don ya riƙa ganin sugar yaron yana makarantar renon yara. Wani uban, Lane Desborough, ya ɗora aiki a kai, aka samu abin da ake kira Nightscout. Haɗin na gargajiya ne ƙwarai: allon sensa, igiyar USB, tsohuwar wayar Android, a cusa su cikin ƙaramin akwati a jefa a jakar makaranta. Takensu shi ne ba za su jira ba, kuma dubban iyaye suka koya wa juna haɗin kyauta ta Facebook. Sai a watan Janairun 2015 FDA ta ba Dexcom izinin manhajar da ke raba lambobin ga wasu wayoyi. A gefe guda kamfanin Abbott ya fito da sensar FreeStyle Libre a Turai a 2014, mai kwana 14, wadda ba ta buƙatar a daidaita ta da hudar yatsa, daga baya ya ƙara manhajar LibreLinkUp don 'yan uwa.

Yadda abin ke tafiya a yau, sarƙa ce mai gaɓa huɗu. Zaren sensa yana auna suga a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki. Sensa ta miƙa wa wayar mai ciwon, ko ta Bluetooth a tazarar da ba ta wuce mita 6 zuwa 10 ba, ko ta kara wayar a jikinta. Wayar ta hau intanet ta kai wa rumbun kamfani a ƙasar waje. Rumbun ya sauko da lambar zuwa wayar mai bibiya. Ko da mai ciwon yana Fagge mai bibiyarsa yana Ƙofar Mata, sai lambar ta je ta dawo. Dexcom na aiko sabuwar lamba duk minti 5, wato sau 288 a yini, kuma yana karɓar masu bibiya har 10. LibreLinkUp har 20.

Kowace gaɓa tana da irin tata cutar. Ta farko ita ce jinkiri: ruwan fata yana bin bayan jini da minti 5 zuwa 15. Idan suga na gangarowa da gudu, allo zai nuna 90 alhali jini ya kai 70, shi ya sa kibiyar da ke gefen lambar, mai nuna ko suga na hawa ko sauka, ta fi lambar kanta amfani. Haka bayan an sha zaƙi, allo zai daɗe yana nuna ƙasa, mai gaggawa ya ƙara sha, suga ya tashi sama. Akwai kuma faɗuwar ƙarya: mutum ya kwanta a kan damtsen da sensa take, nauyi ya matse wurin, lamba ta rikito kwatsam, da ya juya ta koma daidai. A zane ana gane ta da siffar rami mai kaifi. Ranar farko ta sabuwar sensa ma ba a cika yarda da ita ba.

Magunguna na ruɗa wasu. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana yana sa Libre 2 ta nuna sama da gaskiya. Tsofaffin Dexcom, G4 da G5, farasitamol ke ruɗa su. Wanda ya fi shafar mu a nan shi ne hydroxyurea, maganin da ake bai wa masu sikila, domin yana sa Dexcom G6 da G7 su nuna suga ya hau alhali bai hau ba. Wanda ya yi allurar insulin a kan wannan lambar ya jefa kansa rami. Abin takaicin, masu sikila su ne kuma waɗanda gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugar wata uku, ba ya faɗa musu gaskiya, don jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa daɗewa. A garin da sikila ta yi yawa irin Kano, wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a zaɓi sensa.

Sai zafi. An rubuta a kwalin Libre ta farko a ajiye ta tsakanin digiri 4 da 25, mu kuwa a Afrilu mukan haura 40. Sinadarin da ke kan zaren zafi na raunana shi, don haka sensar da ta kwana biyu a but ɗin mota ko ta yi wata a shago mai rufin kwano ba lalle ta yi daidai ba, ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Wurinta firji, ban da ɓangaren ƙanƙara. Gumi kuma yana cin gam. A wanke wurin da sabulu marar mai, kada a shafa basilin ko man shafawa, a goge da sifirit a bar shi ya bushe sarai, sannan a manna, gara da daddare bayan wanka lokacin da jiki ya huce. In za a ƙara filasta a kai, a bar ɗan ramin da ke tsakiyar Libre a buɗe. Alwala ba ta isa wurin tunda a gwiwar hannu take tsayawa. Abin da ya fi fizge ta shi ne cire riga da gaggawa, gogar bakin ƙofa, da cunkoson adaidaita-sahu. Wadda ta fita ba ta komawa.

Amma a ganinmu, inda sarƙar ta fi tsinkewa a Kano waya ce. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta sensa in an kara ta a jikinta, kuma ba a tada Libre sai da shi ko da injin karantawa na kamfanin. Kafin a sayi sensa a duba wayar, a kuma duba jerin wayoyin da kamfanin ya ce manhajarsa na aiki a kansu. Sensar da ɗan uwa ya aiko daga Amurka tana iya ƙin manhajar da aka sauke da asusun wata ƙasa, domin kamfanonin suna ɗaure kayansu da yanki. Sannan wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Sai an shiga saiti an cire ta daga wannan tsarin. Ga ɗauke wuta, ga ƙarewar data da ƙarfe biyun dare. Data kaɗan abin ke ci, amma ba ya jure yankewa. Libre ta farko kuwa ba ta tura komai sai an kara waya, ba ta da ƙararrawa, kuma awa 8 kawai take riƙewa. Ƙararrawa ta zo ne da Libre 2.

Rumbun kamfani ma yakan faɗi. A ƙarshen Nuwamban 2019 na Dexcom ya tsaya cikin dare, iyaye da yawa a Amurka suka kwana suna zaton shirun waya alamar lafiya ce, kuma an ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. Mu ma mun ga yadda yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta rikita Afirka ta Yamma a ranar 14 ga Maris, 2024. Shi ya sa ƙararrawar "babu bayani" take da muhimmanci daidai da ta faɗuwar suga, kuma ita mutane suka fi kashewa don tana damunsu.

A ɗauka ƙarfe uku na dare wayar wani a Abuja ta yi ƙara: 58, kibiya na kallon ƙasa. Mahaifiyarsa na Gwammaja. Ya kira, ba ta ɗauka ba, wayar na caji a falo. Duk fasahar da aka tara tun 1999 ta zo ta tsaya a nan, sai in akwai wani a cikin gidan da wayarsa ke kunne, ya san inda injin gwaji yake, ya kuma san abin yi. Ƙasa da 70 mg/dL, in tana cikin hayyacinta, giram 15 na suga: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko kamar mililita 150 na lemon kwalba mai suga. A jira minti 15, a sake aunawa da yatsa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci. In ba ta iya haɗiya, ba a ɗura mata komai; a kwantar da ita a gefenta a nufi asibiti. In kuwa ƙwayar maganin suga ta glibenclamide take sha, faɗuwar na iya dawowa bayan sa'o'i, don haka ko ta farfaɗo sai likita ya gan ta. Ya kamata a tabbatar ma duk gidan da ma'auni ɗaya suke magana: takardun asibiti sukan zo da mmol/L, injinan gida da yawa da mg/dL, kuma ninki 18 ne tsakaninsu. 3.9 shi ne 70.

Wata matsalar ba ta na'ura ba ce. Dattijuwar da duk lomar tuwon da ta kai baki sai waya ta yi ƙara, "Umma, me kika ci ne haka?", ba za ta yi wata biyu ba za ta ɓalle abin ta ajiye. Matashi ma haka. Gara a yi yarjejeniya tun farko: ba kira sai an yi ƙasa da 70, ko an daɗe sama da 250; sauran a bar wa ranar asibiti. Mai ciwon ne ke gayyatar mai bibiya, shi ke da ikon cire shi, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Ga likita, amfanin sensa ba a lambar minti-minti yake ba. Ba likitan da ke zaune yana kallon allon majiyyaci da daddare, ko an haɗa asusun da asibiti. Abin da yake so shi ne rahoton kwana 14. Matsayar da masana suka cimma a 2019 ta ce yawancin manya su nemi fiye da kashi 70 na lokacinsu tsakanin 70 da 180, ƙasa da kashi 4 a ƙasan 70, ƙasa da kashi 1 a ƙasan 54. Wanda zai je ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala ya buga rahoton a takarda ya tafi da shi, tare da ɗan littafin da ya rubuta lokacin cin abinci da na allura.

Kuɗi ne ke yanke hukunci a ƙarshe. Mai sa ta kwana 14 ba fashi yana buƙatar sensa 26 a shekara, kaya ne na waje, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 duk abin da ake saya da dala ya yi tsalle. Waɗanda suka fi cancanta su ne yara masu nau'i na ɗaya, masu juna biyu da ke kan insulin, da wanda sugarsa ke faɗuwa ba tare da ya ji rawar jiki ko gumi ba. Mai shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai ba kasafai sugarsa ke faɗuwa ba, ba sai an tashi gari a kansa ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sa guda ɗaya a lokacin da ta fi amfani: mako biyu kafin ganin likita, bayan an canza masa adadin insulin, ko a farkon Ramadan. Ƙa'idojin azumi da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar sun ce a karya azumi in an yi ƙasa da 70 ko sama da 300, kuma aunawa ba ta karya shi. Sa'o'in da suka fi haɗarin faɗuwa su ne na bayan la'asar, hauhawa kuma takan zo bayan buɗe-baki, in an haɗa kunu mai suga, dabino da lemo a zama ɗaya.