Kuɗin kamfe: yaushe jam'iyya za ta yi wa INEC bayani?

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu kuma aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta wajabta wa jam'iyyu su faɗi inda suka samo kuɗi da yadda suka kashe su.

Rahoto nawa ne, kuma yaushe ake miƙa su?

A dokar ta 2022, manya guda biyu ne bayan zaɓe. Na farko na gudummawa ne: cikin wata uku da bayyana sakamako, jam'iyya za ta kai wa hukumar zaɓe ta INEC lissafin abin da mutane da kamfanoni suka ba ta. Na biyu na kuɗin da ta kashe ne, cikin wata shida bayan zaɓe. Wannan sai masu binciken kuɗi sun tantance shi sun sa hannu, shugaban jam'iyya ma ya sa nasa, a haɗa da takardar rantsuwa. Ban da waɗannan, kowace shekara akwai bayanin kadarori da basussuka.

Talaka zai iya ganin waɗannan takardu?

Ƙwarai. Dokar ta 2022 ta ce jam'iyya ta buga rahoton kashe kuɗinta a jaridun ƙasa aƙalla biyu, INEC kuma ta ajiye shi a hedikwatarta da ofisoshinta na jihohi domin duk mai son dubawa.

Akwai iyaka ga abin da za a kashe ko a bayar?

A dokar ta 2022, iyakar abin da aka yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe ita ce naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Dokar ta hana mutum ɗaya ba ɗan takara sama da miliyan 50, kuma haramun ne jam'iyya ta karɓi kuɗin da ba a san mai shi ba. Idan kuɗi suka zo mata daga ƙasar waje, tsarin mulki ya ba ta kwana 21 ta miƙa su ga INEC.

To, idan jam'iyya ta ƙi kawo rahoto fa?

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tarar da dokar ta 2022 ta ba kotu damar yanke mata ba ta wuce naira miliyan 1 ba, sai kuma har naira 200,000 kowace rana idan ta ci gaba da jinkiri. Ku auna wannan da kuɗin fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a 2022, naira miliyan 100, ko na PDP, miliyan 40. Jam'iyyar da ke karɓar irin waɗannan kuɗaɗe daga mutum guda ba za ta ji tsoron miliyan ɗaya ba. Kuma kafin wa'adin wata shida ya cika, an riga an rantsar da wanda ya ci, hankalin jama'a ya koma kan shari'o'in zaɓe, shi ya sa da wuya ka ji wani ya je ofishin INEC na jiharsa ya nemi a nuna masa rahoton.