Me ake nufi da boris mai ƙarancin gogayya a ƙaramin injin Stirling?

Boris mai ƙarancin gogayya shi ne wanda yake barin sanda ta juya ba tare da ya cinye ƙarfin da ke juya ta ba. A babur ko janareta ba kowa ke damuwa da wannan ba, domin injin yana da ƙarfin da zai danne taurin giris ya wuce abinsa. Inda abin ke zama babbar magana shi ne ƙananan injinan kwaikwayo, musamman irin na Stirling, wanda wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotlan, Robert Stirling, ya yi wa rajista a 1816. Ƙaraminsa da ake ɗorawa a kan kofin ruwan zafi yana tashi ne da bambancin zafi tsakanin farantin ƙasa da na sama, kuma ƙarfin da yake bayarwa ko kusa da wat ɗaya bai kai ba. Filawil, wato faifan da ke ajiye ƙarfin juyi don ya tsallakar da fistin inda ba ya samun turi, yana rataye ne a kan boris biyu. Idan suka yi ɗan tauri, injin zai yi juyi biyu ko uku ya tsaya cak.

Kayan cikin boris sanannu ne: zoben ciki, zoben waje, 'ya'yan ƙarfe da ke birgima a tsakaninsu, da kejin da ke raba su. Birgimar ita kanta ba ta cin wani ƙarfi. Littattafan kamfanonin boris suna sa ma'aunin gogayyar irin wannan a wajen 0.0015, alhali bushin tagulla mai ɗan shafen mai yana kaiwa wajen 0.1. Tunda kuma filawil ɗin bai wuce 'yan giram goma-goma ba, nauyi ba shi ne matsala ba. Abubuwa uku ne ke cinye ƙarfin: giris, murfin roba, da mummunan ɗauri.

A fara da lambar da ke jikinsa. A boris na awon milimita mai ramin da bai kai milimita 10 ba, lambar ƙarshe ita ce faɗin ramin: 608 na takalmin taya yana da rami 8, faɗin waje 22, kauri 7. Wannan ya yi wa irin injin nan girma, domin duk yadda sanda ta ƙara kauri, haka gogayyar ke samun dogon hannun riƙe ta. Sanda mai milimita 3 ta wadatar, sai a nemi 623 mai faɗin waje 10, ko 693 mai 8, ko MR63 mai 6. Haruffan da ke bin lambar ma suna da magana. 2RS na nufin murfin roba a gefe biyu, kuma leɓen robar yana gogar zoben ciki, don haka a bar wa babur. ZZ murfin ƙarfe ne da ba ya taɓa zoben ciki. Wanda babu harafi buɗaɗɗe ne, shi ya fi sakewa, amma ƙurar hunturu ba ta raga masa, sai an riƙa rufe injin idan an gama.

Masu sayarwa suna son ambaton ABEC 7 ko 9 don su ɗaga farashi. Wannan ma'auni ne na daidaiton ƙira, bai ce komai a kan giris ko murfi ba. A injin da ke juyi ɗari ɗaya ko biyu a minti, ABEC 1 da aka wanke tas ya fi ABEC 9 mai cike da giris. Haka ma boris mai 'ya'yan tangaran: yana da kyau, yana jure rashin mai, amma kuɗinsa ya fi amfaninsa a nan.

Wankin giris kuwa sai da haƙuri. Idan murfin ZZ ɗin da siririyar waya aka riƙe shi, a sa bakin allura a ɗago wayar, murfin zai fito. Idan matse shi aka yi, ba ya komawa bayan an cire, to a bar boris ɗin a buɗe. A jefa shi cikin ƙaramar kwalba da kalanzir, a girgiza, a sauya kalanzir ɗin har ya daina yin duhu, sannan a ɗauraye da sifirit a bari ya bushe a kan takarda mai tsabta. Kada a goge da auduga, zarenta na shiga keji. Kada kuma a juya shi da iskar kwamfireso yana busasshe, gudun yakan karce hanyar 'ya'yan. Bayan nan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin allura ya isa. Man inji ya yi kauri. Wasu suna barinsa babu mai ko kaɗan, yana ƙara sakewa, amma ƙarfen boris na yau da kullum yana tsatsa da tururin kofin, sai dai a samu wanda ba ya tsatsa, mai harafin S a farkon lamba, kamar SMR63.

Wurin ɗauri ne aka fi yin asara. Sararin da ke tsakanin 'ya'ya da zobba 'yan maikiron ne kawai (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), idan aka tura boris da ƙarfi cikin matsattsen rami, zoben waje zai matse, sararin ya ƙare. Ya kamata ya shiga da turin ɗan yatsa. Idan za a sa shi a sanda, zoben ciki ake turawa. Idan rami za a sa shi, zoben waje. Bugun guduma da ya bi ta kan 'ya'yan yana barin ƙananan lotsawa a hanyarsu, daga nan sai a riƙa jin gargada a yatsa, kuma ba ta gyaruwa. A auna sanda da kyau: mai kashi ɗaya cikin takwas na inci milimita 3.175 ce, ba za ta shiga ramin 3 ba, nata boris ɗin R2 ne. Ramukan da boris biyun za su zauna a ciki a huda su a zama ɗaya don su kalli juna. A bar wa sanda ɗan wasan gaba da baya, kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, wato kaurin takarda ɗaya ko biyu, kuma washar da za a sa, wato siririn faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, ta zama ƙarama wadda zoben ciki kaɗai za ta taɓa.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A cire sandunan fistin, a bar filawil shi kaɗai, a kaɗa shi da yatsa ana duba agogo, kafin wanki da bayansa. Mai kyau yana rage gudu sannu a hankali, shiru, a ƙarshe ya yi lilo gaba da baya har gefensa mai nauyi ya zauna a ƙasa. Lilon nan shaida ce cewa boris ya sake, abin da ya rage shi ne a daidaita nauyin faifan da ɗan ƙarin nauyi a gefen da ke sama. Idan kuwa ya tsaya farat ɗaya, ko yana kamawa a wuri guda a kowane juyi, to datti ne, ko matsi, ko sandar ta lanƙwashe. A birgina ta a kan madubi, idan ta karkace za a ga tana tsalle.