Rigimar gona a Damagaram: abin da doka ta ce kafin a je kotu

Daga cikin ƙararrakin da ake kaiwa gaban alƙalai a jahar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, na gonaki ne suka fi daɗewa ba su mutu ba, musamman a Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a suka yi yawa kuma gonakin gado suka tsuke. Yawanci asalin rigimar aro ne ko jingina: kaka ya ba wani aron gona ba tare da takarda ba, shaidu sun rasu, jikokin wanda aka ba suna noma ta shekara da shekaru, sai magadan mai gona su tashi neman abinsu. Furucin da shugaban Nijar na lokacin, Seyni Kountché, ya yi a 1974, cewa gona ta mai noma ta ce, ya ƙara dagula irin waɗannan shari'o'i.

Dokar da ake dogara da ita ita ce mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa tsarin dokar karkara. Ta ce ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada ko ta rubutacciyar doka, kuma kariyarsu ɗaya ce, wato wanda ya gāji gona daga iyayensa mai gona ne ko da ba shi da hatimin kowa. Sai dai sashe na 149 ya gindaya sharaɗin da mutane da dama ke tsallakewa: dole ne a fara neman sulhu a wajen sarakunan gargajiya kafin a shigar da ƙara. Ana farawa daga mai gari ko mai unguwa, a wuce wajen sarkin kanto (mai riƙe da ƙauyuka da dama), ko fadar Sarkin Damagaram.

A nan ne ake yawan kuskure. Sarki mai sasantawa ne, ba alƙali ba, don haka ba ya tilasta wa kowa karɓar abin da bai yarda da shi ba. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, wajibi ne a rubuta sakamakon a takarda. Wanda ya yi sallama da fada da musafaha da fatiha kawai, ya bar wa 'ya'yansa shari'ar ne. Idan sulhu ya gagara, takardar rashin daidaitawa ce za a riƙa zuwa kotu, inda alƙali ke zama tare da masana al'adar masu ƙara, tunda gonar da ba ta da rajista da al'ada ake yi mata hukunci. Wanda hukuncin bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

A ganina, abin da ya fi amfani a dokar shi ne hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda ke akwai a matakin ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma. Ba sa yanke hukunci, amma ta hanyarsu ake samun takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina, bayan an zagaya iyakar gona da maƙwabta. Takardar aro da aka rubuta yau, da sunayen shaidu da wa'adinta, ita ce alƙali zai fara tambaya idan magada suka saɓa.