Zanen ɗigo-ɗigo daga katin wasa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan wasu matasa ne na Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda suka fara koyon zane a waya, suka fi yawan yi min su.

Mene ne zanen ɗigo-ɗigo, kuma me ya haɗa shi da katin wasa?

Duk hoton da ke fuskar waya ko kwamfuta an gina shi ne da ƙananan murabba'ai masu launi da ake kira fiksel. A hoton kyamara miliyoyi ne, ido ba ya rabe su, amma a wannan salon mai zane ne yake ajiye kowane ɗigo da gangan, kamar yadda mai ɗinkin hula yake ƙirga zaren yadi kafin ya soka allura. Ƙarancin ƙarfin na'urorin zamanin da ne ya haifi salon: Game Boy, na'urar wasa ta hannu da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989 tana da ɗigo 160 a faɗi da 144 a tsaye, launinta kuma huɗu ne kacal.

Katin da ake nufi ba kartar da aka saba bugawa a majalisa ba ce. Kati ne da ake saya a fakiti, a tara, a yi musaya, da yawansu na ɗauke da hoton wata halitta da bayanin ƙarfinta. Richard Garfield ne ya ƙirƙiro Magic: The Gathering da ya fito a Amurka a 1993, na Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai na Yu-Gi-Oh! a 1999. Tun a 1998 aka mayar da katin Pokémon wasan Game Boy Color, inda aka sake zana hotunan katunan da ɗigo.

Ta yaya hoto mai cike da ado zai shiga ɗan ƙaramin fili?

Ba zai shiga ba, kuma nan ne gwaninta take. Wanda ya ɗauki hoton kati ya sa manhaja ta rage girmansa, dagwalon launi kawai zai samu. Abin da ya kamata shi ne mutum ya dubi katin da kyau ya tambayi kansa: waɗanne abubuwa biyu ko uku ne idan aka cire su ba za a gane halittar ba? Sauran duk a yafe su.

Misali, mai son zana katin giwan ruwa a fili mai ɗigo 32 sau 32, wato ɗigo 1,024, zai fara ne da inuwar kifin da baƙi zalla: wawakeken baki, ƙayar baya, faffaɗar wutsiya. Idan ya nuna wa ƙanensa daga nesa, yaron ya ce kifi ne, to tushe ya zauna, sannan a zo ga launi. Huɗu ko biyar sun wadatar: mai duhu a gadon baya, mai haske a ciki, guda a tsakani, sai ɗigo ɗaya fari a ido. Ɗigon nan guda, idan aka gusar da shi gefe, sai kifin ya tashi daga mai fushi ya koma mai gyangyaɗi. Ɓawon jiki ba a zana shi ɗaya bayan ɗaya. Ana cakuɗa launi biyu ne, ɗigo na wannan ɗigo na wancan, kamar saƙar tabarma.

Ga mai son zana katin gaba ɗaya har da gefensa, katin Magic da na Pokémon milimita 63 ne da 88, don haka fili mai ɗigo 63 da 88 zai ba da siffar daidai.

Da wace manhaja ake yi?

A kwamfuta an fi sanin Aseprite, wadda ake saya. Piskel kuwa kyauta ce, a intanet ake buɗe ta. A wayar Android akwai Pixel Studio da dotpict. Ni dai ina ganin waya ta ishi mai koyo, musamman da yake ba ta jiran a kawo wuta.

Yaya ake sa zanen ya motsa?

Motsi jerin hotuna ne masu ɗan bambanci da ake nunawa bi da bi. Fim yakan nuna 24 a daƙiƙa guda, amma wannan aikin ba ya bukatar haka, domin hoto huɗu sun isa kifi ya yi iyo. A na farko wutsiya tana miƙe, a na biyu ta karkata sama da ɗigo biyu, a na uku ta dawo, a na huɗu ta karkata ƙasa, sai a koma farko. Manhajojin nan suna nuna inuwar hoton da ya gabata a ƙarƙashin wanda ake zanawa, don hannu kada ya kauce.

Kuskuren da na fi gani shi ne motsa komai lokaci guda, har zanen ya riƙa karkarwa kamar mai jin ɗari. A bar gefen katin da rubutunsa su tsaya cik. Haka kuma ba dole ne kowane hoto ya ɗauki lokaci ɗaya ba: idan ɗan dambe ne a katin, a tsawaita hoton da yake ja da hannu baya, a gajarta na kai naushi, nauyin dukan zai fito da kansa.

Me ya sa zanena yake dusashewa idan na tura ta WhatsApp?

Domin ana matse hotuna kafin su isa. A ajiye zane a nau'in fayil na PNG, mai motsi kuma a na GIF, wanda ke ɗaukar launi har 256. A ninka girmansa sau takwas ko goma cif, ba tare da an bar manhaja ta goge kaifin ɗigon ba, sannan a tura shi a matsayin fayil.

Ya halatta in sayar da abin da na zana?

Halittun da ke kan waɗancan katunan mallakar kamfanoninsu ne, kuma sake zana su da ɗigo ba ya mayar da su na mai zane. Kwaikwayo domin koyo daban, buga su a riga ko sitika a kai kasuwa daban. Mai neman abin sayarwa ya ƙirƙiro nasa katunan, ga kuma kayan aiki a gida: Sarkin Ruwa, masunci da homa da gora a kogin Matan Fada na Argungu, kada, giwan ruwa, Kanta da ganuwar Surame. Sai dai ya tsara dokar wasan tukuna, ya san ko homa ce ke cin giwan ruwa ko kada ne ke cin mai homa, kafin ya ajiye ɗigon farko.